Sanƙo a ƙeya bayan tiyatar zuciya: nazarin lamarin wata yarinya 'yar shekara huɗu

Uwar ce ta cire mata hula da hannunta, ta juyo da ƙeyar yarinyar wajen hasken taga, ta ce, "Likita, dubi abin da ya same mu." A tsakiyar ƙeya, an ɗan karkata dama, akwai fili fetal babu gashi, mai siffar ƙwai, tsawonsa santimita 5, faɗinsa 3. Kewaye da shi gashi ne baƙi siɗik, cike, irin na yaro mai lafiya. Yarinyar kuwa ko a jikinta, tana ta ƙoƙarin fizgo abin sauraron ƙirji daga wuyana.

Makonni bakwai ke nan da aka yi mata tiyatar zuciya a wani asibiti a Indiya. An haife ta da larurar nan da ake kira da sunan likitan Faransa Fallot, wanda ya bayyana ta a 1888: huji tsakanin manyan ɗakunan zuciya biyu, ƙuncin hanyar da jini ke bi zuwa huhu, babbar jijiyar jini ta goce ta hau kan hujin, sannan ɓangaren dama na zuciya ya yi kauri. A ƙasashen da ke da hali ana gyara wannan tun jariri bai cika shekara ba. Ita sai da ta kai huɗu kafin dangi su haɗa kuɗin tafiya. Kafin aikin ba ta iya ƙetare tsakar gida sai ta tsuguna ta huta, leɓɓanta da harshenta sun yi duhu. Yanzu tana gudu. Wannan ya kamata a ajiye shi a rai tun farko, domin duk abin da zan faɗa nan gaba bai rage komai daga aikin da aka yi wa zuciyar ba.

Abin da ya faru kafin su zo

Labarin da aka fara ba ni shi ne wanda gidan ya riga ya yarda da shi. Bayan dawowarsu da 'yan kwanaki, kwana 19 da tiyata, uwar ta zauna tsefe mata kai, sai kitso biyu na ƙeya suka biyo hannunta ɗungurungum, har saiwa, ba jini ba kuka. Kakar yarinyar ta duba ta ce ƙora ce, ta kwaso a asibiti. Aka je kemis aka sayo man shafawa na ƙora, aka yi mako biyu ana shafawa, shiru. Wata maƙwabciya ta ce a daka tafarnuwa a riƙa gogawa. Kwana uku aka yi, fatar ta yi ja ta tashi, yarinyar ta daina yarda a taɓa mata kai, aka bari. Mahaifin shi kuma tasa fassarar daban: allurar barci ce ta yi mata ƙarfi, ya ji ana cewa tana cin gashi.

Na tambayi uwar ko ta ga wani abu a wurin tun suna asibiti. Ta yi jim, ta ce i, akwai. Da aka fito da yarinyar daga sashen kulawa ta musamman, ta ji wani kumburi a ƙeyarta, taushi-taushi, in an danna sai ta yi kuka. Bayan kwana biyu wurin ya ɗan yi ruwa, ya bushe, ya yi ɓawo a ƙarƙashin kitso. Ta nuna wa wata nas da hannu, don ba sa jin yaren juna, aka goge da magani aka wuce. Ita ma ba ta sake komawa ta kai ba. "Likita, a lokacin ana ta rai," in ji ta. Ana ta kai wa yake ta kaya, a nan kuwa kan ne ya zama kayan.

Sai na nemi takardar sallama, kuma a cikinta amsar take. Aikin farko ya ci awa shida da wani abu, an ɗora ta kan na'urar da ke karɓar aikin zuciya da huhu, an kuma sanyaya jikinta kamar yadda aka saba a irin wannan tiyata. A daren nan jini ya ƙi tsayawa, aka mayar da ita ɗakin tiyata. Daga nan ta yi kusan awa 40 a kan na'urar numfashi, an ba ta maganin da ya kwantar da ita ko motsi ba ta yi, ana ɗura mata magungunan ɗaga awon jini. In aka haɗa, kusan kwana biyu ke nan tana rigingine. Da na tambayi irin kitson da ke kanta a lokacin, uwar ta ce sabo ne, na tafiya, an yi shi ƙanana an tattara jelar an ɗaure da roba a ƙeya, don kada ya dame ta. Ba wanda ya ce a tsefe. An sa mata hular tiyata a kai, aka tura ta ciki.

Abin da na gani

Da gilashin duba fata, filin ya kasu biyu. Gefe-gefe ana ganin ƙofofin gashi a buɗe, wasu da ɗigon baƙi a ciki, guntayen gashin da ya karye a bakin ƙofa. Can tsakiya kuwa akwai wuri kamar faɗin farcen babban yatsa, sumul, yana sheƙi, ya ɗan fi sauran haske, ba ƙofa ko ɗaya. Babu garin amosani, babu ƙuraje masu ruwa, babu kaluluwa a bayan wuya ko bayan kunne. Na ja gashin da ke bakin filin a hankali, bai biyo ba. Gira da gashin ido lafiya, farce lafiya. Yayyenta biyu da suke kwana ɗaki ɗaya, suke taje kai da mataji ɗaya, ba wanda ya kamu da komai. Na kankaro ɗan saman fata da 'yan gasu aka duba a ɗakin gwaji, ba a ga ƙwayar ƙora ba.

Ban zargi kakar ba. A wajenmu in ka ga fili a kan yaro mai wannan shekaru, ƙora ce ta farko da za ka kawo, kuma galibi za ka yi daidai. Amma kama da wane ba ta wane. Ƙora tana zuwa da ƙaiƙayi da gari-gari, tana faɗaɗa a hankali, tana yawan haifar da wasu filaye, tana kama 'yan ɗaki. Wannan fili ɗaya ne, ya bayyana rana ɗaya da girmansa, bai ƙaru ba bai haifu ba. Ko da ma ƙorar ce, man shafawa kaɗai ba ya kashe ta a kai, domin ƙwayar tana cikin silin gashi ne, sai an sha magani irin su girisofulbin na makonni shida zuwa takwas.

Abu na biyu da ya fi kama da shi shi ne sanƙon nan da garkuwar jiki ke juyawa ta afka wa saiwar gashi, wanda ke barin fili zagayayye sumul. A ido suna iya rikita likita, har ɗigon baƙin suna tarayya a kai. Sai dai shi ba ya farawa da kumburi da zafi da ɓawo, kuma ba ya rufe ƙofofin gashi. Na uku shi ne zubar gashin da ke biyo bayan babbar rashin lafiya ko tiyata ko zazzaɓi mai tsanani, amma wannan sai bayan wata biyu zuwa uku yake zuwa, kuma ko'ina a kai yake tsinka, ba ya zaɓar wuri ɗaya. Kitso mai tsauri ma yana cin gashi, sai dai goshi da gefen kunne yake fara ci, a hankali. Batun allurar barci kuwa na ce wa mahaifin, "Malam, magani da ya zagaya jiki duka, me zai sa ya tsallake kai gaba ɗaya ya zaɓi daidai inda kai ya kwanta?" Ya yi dariya, ya ce shi ma bai yi wannan tunanin ba.

Ban yanki fata don gwaji ba. Tarihin ya isa, wurin ya isa, lokacin ya isa, kuma ban ga dalilin ƙara wa yarinya wani tabo a kan wanda take da shi ba. Abin da ke damunta zubar gashi ce ta sanadin dannewar fatar kai na tsawon lokaci.

Yadda danniya ke kashe saiwar gashi

Mai barci ba ya kwana a wuri ɗaya. Da zarar wani gefe ya fara ƙosawa sai ya juya, bai ma sani ba. Wanda aka sa wa barcin tiyata an ɗauke masa wannan kariya. Nauyin kansa duka yana sauka kan ɗan ƙaramin wuri, fatar ta matse tsakanin ƙoƙon kai da abin da aka ɗora shi a kai. Ƙananan jijiyoyin da ke ciyar da fata ba su da ƙarfin turawa sosai. Tun 1930 wani mai bincike, Eugene Landis, ya auna matsin jinin da ke cikinsu ya samu wajen milimita 32 a ma'aunin zaiba. Duk danniyar da ta wuce haka tana iya toshe su, kuma in awon jinin mara lafiya ya sauka, ko an sanyaya jiki, ko ana ba da maganin da ke tsuke jijiyoyi, wadda ba ta kai haka ba ma ta isa. Yarinyarmu ta haɗa duka ukun.

Saiwar gashi tana cikin sassan jiki masu yawan aiki, ƙwayoyinta kullum cikin rabuwa suke, shi ya sa gashi ke ƙaruwa da kusan santimita ɗaya a wata. Mai yawan aiki mai yawan ci ne. In jini ya yanke mata na wasu awanni, sai ta rufe aiki. Waɗanda suka duba irin wannan fata a madubin ƙara girma sun ga saiwoyin wurin duk sun shiga matakin janyewa lokaci ɗaya, abin da ba ya faruwa a kai mai lafiya, inda kowace saiwa ke bin nata lokaci. Silin gashin ba ya faɗuwa nan take. Yana nan a tsaye a ƙofarsa, a mace, har sai an taje ko an tsefe. Wannan ne ke sa zubar take bayyana tsakanin kwana 3 zuwa 28 bayan aiki, lokacin da sau da yawa an sallami mara lafiya. Likitan da ya yi tiyatar ba zai gani ba, wanda zai gani kuma bai san abin da ya faru a ɗakin tiyata ba. A ganina wannan tazarar ce babbar matsalar larurar, ita ce ta kai mu ga kemis da tafarnuwa.

In danniyar ba ta daɗe sosai ba, saiwar suma ta yi, za ta farfaɗo, yawanci cikin wata ɗaya zuwa huɗu. In ta daɗe har fatar ta mutu ta yi gyambo, tabo ne zai maye gurbin, kuma tabo ba ya fitar da gashi.

Likitocin Amurka biyu, Abel da Lewis, su suka fara bayyana wannan a 1960, a kan mata takwas da aka yi wa doguwar tiyatar mata. Binciken da ya fi amfani a gare mu shi ne na Lawson da Mills da Ochsner na 1976 a birnin New Orleans, kan mutanen da galibinsu tiyatar zuciya aka yi musu. Sun tattara mutum 65 da gashin ƙeyarsu ya zube, 29 daga ciki bai sake tsirowa ba, kuma waɗanda suka yi asarar dindindin su ne waɗanda suka fi daɗewa da bututun numfashi, fiye da yini da kwana. Da suka fara juya kan mara lafiya duk bayan minti 30, a ɗakin tiyata da kuma bayan an fito, sai lamarin ya sauko daga kashi 14 cikin 100 zuwa kashi 1. Ba sabon magani, ba sabuwar na'ura. Wannan sakamako tun 1976 yake, amma ga shi har yau ana kawo mana yara da ƙeya a fili.

Yaro ya fi babba shiga wannan haɗari saboda ƙirarsa. Kan jariri kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne na tsayinsa, na babba ɗaya cikin takwas, kuma ƙeyar yaro ta fi turowa. Shi ya sa gyambon kwanciya, da ke kama manya a ƙugu da diddige, a ƙananan yara ƙeya ya fi kamawa. An ga irin wannan a jariran da aka ɗora kan na'urar da ke sa wa jini iska a wajen jiki na kwanaki, an kuma gani a yaran da ake ƙera wa kunne, inda ake karkatar da kai gefe ɗaya na awanni, sai filin ya fito a ɗaya gefen da ya kwanta.

Akwai wani abu da ake ɗora kai a kansa a ɗakin tiyata, zagayayye mai rami a tsakiya, gammo sak. Mai tallan da ta naɗa gammo tana sauke kaya ta huta, tana gyara shi a hanya. Wannan gammon kuwa yana tattara nauyi ne a bakinsa, yana iya datse jinin da ke shiga da'irar da ke ciki, shi ya sa ƙa'idojin kare gyambon kwanciya suke hana amfani da abubuwa masu siffar zobe. Matashi mai laushi na soso ko na jel ya fi, amma shi ma bai ɗauke wa kowa aikin ɗaga kai ba. Ƙullin kitso da roba ko duwatsun ado a ƙeya kuwa, kamar a sa tsakuwa ce a ƙarƙashin kai. Tsakiyar filin yarinyar nan, wurin da ya yi sumul, daidai inda uwar ta nuna min ƙullin ya zauna yake.

Na yi jinkiri kafin in faɗa mata haka, don na san inda maganar za ta sauka. Ta sauka ɗin. Ta ce, "Ashe ni na ja mata." Na ce a'a, ba aikinta ba ne ta san wannan. Uwa ta yi wa 'yarta kitso don tafiya, abin da kowace uwa za ta yi. Duba kai kafin a sa barci aikin ma'aikata ne, haka ɗaga shi bayan an sa. Kuma ban ɗauki wannan a matsayin tuhuma ga mutanen da suka kwana a tsaye suna tsayar da jini ba. Yaro mai bututu a maƙogwaro da layukan jini a wuya, awon jininsa na hawa da sauka, kowa yana tsoron taɓa masa kai kada wani abu ya goce. Tsoron yana da dalili. Sai dai ba a buƙatar juyi mai yawa: a tallafo kan da hannu, a ɗaga shi kaɗan na ɗan lokaci, a sauya inda ya kwanta, a shafa ƙeya a ji ko ta kumbura, a rubuta an yi. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Abin da muka yi

Kusan duk maganinmu hani ne. A daina man ƙora, a daina tafarnuwa, kada a kai ta wajen wanzami a yi tsaga, kada a aske sauran gashin da sunan zai fito tare. A wanke da sabulu mara ƙarfi, a shafa ɗan man kaɗanya don fatar da tafarnuwa ta ƙona ta yi laushi, a sa mata hula in za ta shiga rana. Kitso kuma sai manya, sakwa-sakwa, kada a ja bakin filin.

Mahaifin ya tambaya ko babu maganin tsirar da gashi, ya ga ana tallan minoksidil. Ban ba da shi ba. Asalinsa maganin hawan jini ne, fata tana iya tsotse shi, a ƙaramin yaro yana iya sa zuciya gudu ya saukar da awon jini. Yarinyar da aka buɗe wa zuciya wata biyu da suka wuce ba ita za a gwada wa wannan ba, balle ga gashin da mafi yawansa zai dawo da kansa. Na faɗa musu abin da nake tsammani ba tare da ƙawatawa ba: gefe zai cike, tsakiyar nan mai sheƙi kada su sa rai da ita.

A wata na uku da tiyata uwar ta dawo a firgice, ba ranar da na ba su ba. Gashi na zuba ko'ina, yana cika mataji, ta ɗauka sanƙon ne ya yaɗu. Wannan ita ce ɗaya zubar da na ambata, wadda jiki ke yi bayan ya sha wuya, ta zo daidai lokacinta. Na juyo da ƙeyar na nuna mata: a cikin filin kansa wani lallausan gashi ya fara fitowa daga gefe, ja-ja kamar na jariri. Ɗaya na zuba, ɗaya na tsirowa, a kai ɗaya, kuma ba ruwan wannan da wancan. Na duba jininta saboda ta yi asarar jini da yawa, aka samu ƙarancin sinadarin ƙarfe, muka ba ta magani. Zubar ta tsaya da kanta bayan wasu makonni.

A wata na bakwai filin ya rufe, gashin ya yi baƙi ya yi kauri, saura tabo na kusan santimita ɗaya da rabi a tsakiya. Tafarnuwar ta ƙona saman fata, amma wurin ya riga ya yi ruwa ya yi ɓawo tun a asibiti, don haka danniyar nake ɗora wa alhakin tabon. Irin wannan ƙaramin tabo likitan gyaran fata yana iya yanke shi ya haɗe bakin, masu girma kuma ana buɗa fatar kai da balan-balan a ƙarƙashi ko a yi dashen gashi. Na faɗa wa mahaifin haka. Ya ce, "Likita, wannan yarinya ta ga wuƙa sau biyu a dare ɗaya. A bar ta ta girma, in ta so ita ta ce a yi."

Na rubuta wasiƙa zuwa asibitin da aka yi aikin, da hoton ƙeyar da izinin iyayen, da tsawon awannin da na lissafa daga takardarsu. Na kuma rubuta a katin yarinyar, a shafin farko, cewa ta taɓa samun wannan, domin masu irin larurarta wasu kan buƙaci a sake musu aiki a bawul ɗin hanyar huhu, wato murfin ƙofar da jini ke bi daga zuciya zuwa huhu, in sun girma, kuma wanda zai sa ta barci a ranar ya kamata ya sani. A zuwansu na ƙarshe an yi mata kitso manya guda shida, mai kitson ta karkatar da tsaga ɗaya ta bi ta gefen tabon ta rufe shi. Sai da uwar ta ɗaga min jelar da yatsa kafin na gano wurin.